Karnukan Kwarin Tinaja

Ungulaye ne suka fara sani. Tun hantsin ranar Talata suke kewaya sama da busasshen kwarin da ke bayan gonar Orval Stidham, har direban motar gas da ya zo sauke tukunya ya ce bari ya leƙa ko saniya ce ta faɗi. Da ya leƙa sai ya ga Orval ne da kansa, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, ko dai abin da ya rage nasa.

Kafin Royce Hatcher, shugaban 'yan sandan garin Tinaja, ya iso, mutum kusan talatin sun riga shi, rabinsu da bindigogi a bayan mota. Ya dubi gawar sau ɗaya, ya koma gefe ya kira Delfina Archuleta.

Shekara ashirin da biyu Delfina ta yi tana kama wa garin karnuka. Mahaifinta maharbi ne, shi ya koya mata bin sawu tun kafin ta iya karatu. Wata bakwai da suka wuce majalisar gari ta ba wani kamfani mai suna Redmesa kwangilar aikin dabbobi, aka karɓe mabuɗan gidan karnuka daga hannunta, aka ba ta allon yabo da katakonsa ya tsage tun a mota. Tun daga ranar ba ta taka ofishin gari ba.

"Fina, na san ba ki da dalilin taimaka mana," in ji Royce.

"Ba ku zan taimaka wa ba. Ina Orval ɗin?"

Ta sauka kwarin a hankali, gwiwarta ta hagu tana ƙara. Karnukan sun cinye cikin, sun cinye cinyoyin, sun ja hannu guda zuwa gindin wata ƙaya. Fuskar ta tafi. Rigarsa mai layi-layi ce da zoben aurensa suka ce shi ne. Delfina ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta tsuguna. Yashin da ke kusa duk mutane sun tattake shi, amma can ƙasa kaɗan sawun karnukan na nan sarai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Me kika gani?" Royce ya tambaya daga sama.

"Takwas ne, ko tara. Kuma tafiya suka yi suka zo, ba gudu ba."

"Wane bambanci ke nan?"

"Karen da zai kai hari da gudu yake zuwa, farcensa na haƙa ƙasa. Waɗannan sun zo suna shinshina, suna tsayawa. Ba wanda ya yi kokawa da su a nan, Royce. Dubi jinin. Mutum mai rai jininsa feshi yake yi."

Ta ɗago don ta ƙara magana, sai ta ga bakin kwarin ya yi fili. Motocin sun tafi. Wani ya ambaci sunan Nestor Galindo, mai kiwon manyan karnuka, kuma ba a jira an ji sauran ba.

*

Tun daga kan titi suka ji harbin. Da suka shiga tsakar gidan Nestor, karnukansa uku masu faɗin kai suna kwance a ƙarshen sarƙoƙinsu, an yi musu ruwan harsashi har ɗayan ya rabu da muƙamuƙinsa. Nestor kansa na ƙasa jikin tayar mota, mutum huɗu a kansa. Wani na dukansa da gindin bindiga, wani na shurinsa a haƙarƙari kamar yana son ɓalla ƙofa. Sai da Royce ya harba sama sau biyu suka ja baya.

"Kowa ya san karnukansa ne," in ji wani mai gyaran rijiya, yana haki. "Bara a bainar jama'a ya ce sai ya ga bayan Orval."

Delfina ta wuce shi. Ta je ta kama ƙafar babban karen, ta buɗe tafin ta auna da yatsunta. Sannan ta zaro wuƙa daga ƙugu, ta farke cikinsa daga ƙirji har mara, ta zubar da abin da ke tumbinsa a gabansu. Abincin kanti ne, bai gama narkewa ba. Ta yi wa na biyu haka, ta yi wa na uku. Warin ya sa biyu daga cikin mazan suka juya baya.

"Ku matso ku duba, jarumai," ta ce. "In kun ga Orval a ciki ku nuna min."

Ba wanda ya matso.

Ta tsuguna gaban Nestor. Idonsa guda ya rufe, jini na zuba daga kunnensa.

"Ka ce za ka ga bayansa?"

"Na faɗa. Ya harbe min karya a kan shingensa, tana da ciki." Ya tofar da haƙori. "Na faɗa, kuma da na gan shi jiya zan sake faɗa."

"Gawar ta kai kwana biyu. Ina kake ranar Lahadi?"

Ya dubi Royce.

"Nestor, ko ka faɗa min, ko waɗannan su dawo."

"Ƙetaren iyakar gunduma. Wajen faɗan zakaru, wanda doka ta hana. Mutum hamsin sun gan ni, amma ba wanda zai amsa cewa ya je."

"Ni zan sa su yarda," in ji Royce. "Tashi mu kai ka asibiti."

*

Da la'asar likitan da ya duba gawar ya kira. Ƙoƙon kan Orval a fashe yake ta ƙeya, kuma ba haƙori ne ya fasa shi ba. A ragowar fatar wuyansa akwai siririn zane da ya kewaye, kamar an shaƙe shi da waya. Ya mutu tun safiyar Lahadi. Karnukan ba su taɓa shi ba sai bayan kwana guda.

Maxine, matar Orval, ta dawo ke nan daga wajen 'yarsu inda ta yi kwana huɗu. Ta zaunar da Delfina a kicin, ta zuba mata kofi ba ta tambaye ta ba. Idonta a bushe.

"Maruƙa shida muka rasa tun bazara," ta ce. "Mutane na cewa dila ne. Orval ya ce dila ba ya kashe maraƙi ya bar rabinsa. Ya ce karnukan gida ne, har da masu abin wuya. Sau tara ya kira wannan kamfanin, sau tara wata na'ura ta ce masa ya bar saƙo."

"Yaushe kika ji muryarsa ƙarshe?"

"Lahadi da sassafe, a waya. Ya ce ya gano ba daga sama suke faɗowa ba, wani ne ke kawo su a mota. Ya ce yau zai ga fuskarsa. Na ce masa, tsoho, ka ci abinci ka zauna. Ya ce in bar shi." Ta juya kofinta a kan tebur. "Bindigarsa ba ta bayan ƙofa."

"Ya faɗi wanda yake zargi?"

"Orval kowa yake zargi, Delfina, kin san shi. Shekara hamsin da ɗaya ina fama."

Delfina ta zauna da ita har kofin ya huce.

*

Washegari da safe ta bi Royce zuwa gidan karnuka. An sake fenti, an kafa allo mai hoton kare yana murmushi. Abin da ya fara taɓa ta shi ne shirun wurin. A zamaninta sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ta bi layin keji tana ƙirgawa a ranta. Keji arba'in, karnuka goma sha ɗaya.

Shugabar wurin, Brandi Kessler, matashiya ce daga babban birni, farcenta a goge. Ta tarbe su da fara'a irin ta masu sayar da gida.

"Ina sauran?" in ji Delfina.

"Sun sami iyalai. Muna tura su jihohin arewa."

"Wace mota ke kai su?"

"Wannan sai babban ofis. Ni dai abin da na sani, ba kare da ke wuce kwana biyar a nan. Ƙa'idar kamfani ce."

"In ya wuce fa?"

"Ma'aikata sun san abin da za su yi."

Ma'aikatan biyu ne. Amado Lucero ya fito daga ɗakin magani yana goge hannu. Shekara goma sha huɗu ya yi a ƙarƙashin Delfina, ita ta koya masa riƙon sanda mai zarge, ita ce ta tsaya masa ranar aurensa a madadin uwa. Da kamfani ya zo shi kaɗai aka bari, kuma ita ta ce masa ya zauna, saboda 'yarsa mai ciwon asma.

"Doña Fina," ya ce, yadda yake kiranta don girmamawa, ya sunkuya ta shafa kansa. "Kin ci abinci? Akwai wake da barkono a kwanon abincina."

"Kai ya kamata ka ci. Dubi yadda ka zama kamar tsinke."

"Zafi ne."

Na biyun, Lonnie Spurlock, wata biyu ke nan da ɗaukarsa. Ya taɓa yin shekara huɗu a kurkuku kan saran da ya yi wa wani a mashaya, kuma garin bai manta ba. Yana wanke keji da tiyo, bai ko juyo ba. A damtsensa akwai yaguwa ɗanya, doguwa.

"Wa ke aiki ranar Lahadi?" Royce ya tambaya.

"Lonnie," in ji Brandi da sauri. "Motar kamfani na hannunsa duk ƙarshen mako."

"Me ya same ka a hannu, Lonnie?"

"Kyanwa."

"Babbar kyanwa ce."

"Je ka tambaye ta, tana keji na sha biyu." Ya yar da tiyon. "Na san inda maganar nan za ta. Duk abin da ya ɓace a garin nan ni ne. Ban taɓa ganin tsohon ba."

Royce ya ɗaga sandar da ke jingine a bayan motar kamfanin. Ƙarfe ce mai tsawon mutum, da zargen waya a bakinta. Ya dubi wayar, ya dubi Delfina.

"Mu je ofis, Lonnie."

Lonnie ya kai masa naushi a baki kafin ya rufe shi. Suka faɗi tare cikin ruwan kumfa, karnuka suka ɗauki haushi. Lonnie ya hau kansa ya shaƙe shi, sai da Delfina ta ɗauki sandar ta maka masa a gwiwar hannu har ta ji ƙashi ya amsa, sannan ya saki. Royce ya danne shi, ya sa masa ankwa, jini na ɗiga daga leɓensa kan rigar Lonnie.

"Shi ke nan," in ji Royce yana numfashi. "Mun gama."

"Ka gama," in ji Delfina. "Ni ban bi sawun ba tukuna."

*

Ranar Alhamis rana na fitowa ta ajiye motarta a bakin kwarin, ta rataya bindiga, ta ɗauki gorar ruwa. Inda karnukan suka nufa bayan sun ƙoshi bai dame ta ba. Inda suka fito take nema, don haka ta bi sawun a juye.

Suka kai ta gabas, ta ƙarƙashin shingen waya mai ƙaya, suka hau wani fako inda ta yi rabin awa tana rarrafe kafin ta sake samun su a tsakuwar da suka ture. A wani lallausan yashi ta tsaya. Ɗaya daga cikin sawun ƙafar gaba yatsu biyu ne kawai, sauran wurin a shafe. Ta san ƙafar. Ita ta ɓanɓare ta daga tarkon dila shekara shida da suka wuce, ta ɗinke ta a kan teburin kicin ɗinta. Canela ce, jar karyar wata tsohuwa a unguwar bayan coci. Da tsohuwar ta rasu a watan jiya kamfani ya zo ya ɗauke karyar. A faɗar Brandi, yanzu tana arewa tana wasa da yara.

Ba ta ji zuwan karnukan ba sai da ƙaya ta motsa. Biyar suka fito ta gaba, biyu ta hagu. Haƙarƙarinsu a waje, wasu da abin wuya, ɗaya ma da ragowar jan ƙyalle da wani ya taɓa ɗaura masa don ado. Ba su yi haushi ba. Sun riga sun san mutum nama ne.

Baƙin karen da ke gaba ya taso. Ta harbe shi a ƙirji, ya wuntsila ya faɗi kan takalminta. Kafin ta sake ɗana bindigar wani ya kama ta a ƙwauri, ta ji haƙoransa sun ratsa wando sun taɓa ƙashi. Ta faɗi zaune. Ta dinga dukan kansa da gindin bindiga, sau uku, sau huɗu, har idonsa ya fito, bai saki ba sai da ta cusa masa wuƙa a bayan kunne. Na uku ya zo ta gefen wuyanta, ta juya bakin bindigar ta harba ba ta duba ba. Sauran suka watse.

Da ƙura ta lafa ta ga na ukun ja ce. Tana jan ƙafafun baya, tana kuka ƙasa-ƙasa. Delfina ta ja jiki ta je gare ta.

"Canela," ta ce.

Karyar ta kaɗa wutsiya sau ɗaya. Delfina ta rufe mata ido da tafin hannu, ta ƙarasa ta.

Ta yage hannun rigarta ta ɗaure ƙwaurin, ta sari reshe ta dogara. Motarta na mil guda a baya, sawun kuma na ci gaba. Ta bi sawun.

Bayan wani tsauni ta tarar da wurin: tsohon famfon iska da ya daina juyawa, da kwamin shayar da shanu na siminti, busasshe ƙayau. Mushen karnuka huɗu na warwatse, harsashi ne ya kashe su. A kusurwar kwamin akwai baƙin jini da farin gashi manne. Bindigar Orval na cikin ƙaya, an wurga ta da ƙarfi. An share sawun taya da na takalmi da reshe, kuma wanda ya share ya iya, don ta baya ya bi yana shara har kan dutse.

Amma bai share ƙarƙashin bishiyar ba, ko don bai ɗauka akwai abin sharewa ba. A inuwar, ƙasa ta taɓa jiƙewa ta bushe, kuma a kanta akwai zobba, shatin gindin bokiti. Ta ƙirga goma sha ɗaya, wasu iska ta cinye gefensu, wasu sababbi. Sawun karnuka ya kewaye kowanne. Wani ya yi ta dawowa nan, mako bayan mako, yana kawo musu ruwa.

Ta kwanta rub da ciki ta duba mafi sabo. Zoben bai haɗe ba. A gefe guda ya lotsa ciki, faɗin yatsu biyu, kamar an gutsure shi.

Delfina ta daɗe a kwance a wurin, ƙudaje na bin jinin ƙafarta. Daga baya ta ɗauki hoton zoben da wayarta, ta tashi ta kama hanya, ta biya ta ɗauki gawar Canela.

*

Ɗinki goma sha tara aka yi mata. Daga asibiti ta kira Royce ta ce ya tara mata su ranar Juma'a da azahar a harabar gidan karnuka, kuma ya zo da Lonnie.

Suka zo. Lonnie da ankwa da hannu a naɗe. Nestor da bandeji a rabin fuska, ƙanwarsa na riƙe da shi. Maxine cikin baƙar riga, ta ƙi kujera. Brandi na tsaye bakin ƙofa tana duba agogo. Amado ya fito daga ciki ya tsaya jikin tsohuwar a-kori-kurarsa. Delfina ta sa Royce ya jiƙa yashin tsakar harabar da tiyo, ba ta ce masa don me ba.

"Nestor ba shi da hannu," ta ce. "Royce ya sami mutum bakwai da suka gan shi wajen zakaru. Waɗanda suka dake shi sun san kansu. Karnukan da suka ci Orval daga cikin kejin nan suka fito. Na ga Canela da idona."

"Wannan ƙazafi ne," in ji Brandi. "Lauyanmu zai..."

"Gawarta na bayan motata, da lambarku a wuyanta. Kina son gani?"

Brandi ta kawar da kai, Delfina ta ci gaba.

"Ba arewa ake kai su ba. Bayan tsauni ake zubar da su, gabas da gonar Orval. Ya je ya tarar da mai zubarwa, aka zarge masa wuya da sanda, kansa ya bugi kwami. Aka ɗauko gawar a mota aka ajiye a kwarinsa." Ta juya ga Lonnie. "In aka ce ka rabu da kare, yaya kake yi?"

"Allurar mutuwa. Minti biyu." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ba na wahalar da kaina."

"Na yarda. Kai ba za ka tuƙa mil goma sha biyar don ka kai wa kare ruwa ba." Ta numfasa. "Brandi, da kuka zo akwai kayan aikinmu na da. Ina suke?"

"Mun zubar da su a makon farko. Namu duk na roba ne."

"Duka?"

"Duk abin da ma'aikata ba su ɗauka ba."

Delfina ta dogara da sandarta.

"Amado, ɗana. Ƙishi nake ji, kuma ina son in wanke hannu. Ɗebo min ruwa a bokitinmu."

Bai motsa ba. Ya dube ta, ita ma ta dube shi, kuma ta ga ya gane. Sannan ya juya, ya ɗage tamfol ɗin bayan motarsa, ya ɗauko bokitin ƙarfe, tsoho, mai lotsattsen gindi inda wata alfadara ta taɓa harbinsa a hannun Delfina. Ya cika shi a famfo, ya kawo, ya ajiye a kan jiƙaƙƙen yashin da ke gabanta. Da kansa ya sake ɗaga shi.

Royce ya dubi zoben, ya dubi hoton da ke wayarta. Ya cire hularsa.

"Ban iya ba, Doña Fina," in ji Amado. Muryarsa a kwance take. "A zamaninki sai kare ya yi wata uku muna nema masa gida. Nan kwana biyar. A watan farko na yi wa sittin da biyu allura, lafiyayyu, suna lasar hannuna. Na daina barci. Sai na ce bari in kai su inda ba kowa, in riƙa kai musu ruwa da abinci kafin in san dabara. Na rubuta cewa an yi musu allura. Ba wanda ya taɓa tambayata gawa."

"Ni ban san komai ba," in ji Brandi.

"Ba ki tambaya ba," in ji Amado, bai dube ta ba. "Suka yi yawa, abincin ya kasa. Na san suna kashe maruƙa. Ranar Lahadi ina ba su ruwa ya fito ta bayan famfo. Bai yi magana ba, ya fara harbi. Huɗu ya kashe a gabana suna sha. Na ce ya tsaya, ya juyo da bindigar kaina, ya ce ni ne na biyar. Sandar na hannuna. Hannun ne ya yi abin da ya saba. Na ja, ya faɗi ta baya."

"Da rai ka bar shi?" Maxine ce ta tambaya.

"A'a, uwa. Nan take ya cika. Na ɗauke shi daga wurin don kada su taɓa shi. Na rufe shi da rassa kusa da gidansa, na ce za a gan shi da wuri. Ban koma ba su abinci ba, shi ya sa suka bi warinsa."

"Kana tsaye aka kama ni," in ji Lonnie. "Kana kallo."

"Ina kallo."

Ba wanda ya lura Nestor ya zame daga hannun ƙanwarsa sai da ya fizge bokitin. Ya maka wa Amado a fuska da ruwan da komai. Hancin ya fashe, Amado ya durƙusa, Nestor ya sake ɗagawa ya sauke masa a kafaɗa, yana kiran sunayen karnukansa ɗaya bayan ɗaya. Amado bai kare ba. Sai da Royce ya rungume Nestor ta baya ya ja shi, haƙarƙarinsa da suka karye suka sa shi ya zube yana tari.

Maxine ta tako har gaban Amado. Delfina ta ɗauka marinsa za ta yi. Tsohuwar ta tsaya tana kallon jinin da ke zuba a haɓarsa.

"Da ka ɗaga waya ka kira," ta ce, "da na binne shi da fuskarsa."

Ta juya ta tafi motarta.

Royce ya kwance ankwar daga hannun Lonnie ya mayar hannun Amado. Da za a sa shi a mota ya tsaya gaban Delfina.

"Saura goma sha huɗu," ya ce. "Da rana suna kwanciya a kogon arewa da famfo. Kada ki bar mutanen gari su je, Doña Fina. Harbin ciki suke yi."

"Na ji."

"Ki gaya wa matata Rosalba da bakinki. Kada ta ji a titi."

"Can zan wuce yanzu."

*

Ta gaya wa matar a tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ta da ta sulale. Ta kwana biyu a gidan tana dafa musu abinci.

Ranar Litinin maza goma sha biyu suka taru a gidan mai da bindigogi da kwalaye na giya, suna jiran Royce ya ba su izini. Ya ce an riga an ba wani aikin. Delfina ta tafi ita kaɗai, da ɗingishi, da buhun nama da kujerar zama. Ta zuba naman a fili gaban kogon, ta zauna a inda iska ba za ta kai musu warinta ba. Kwana uku ta yi tana zuwa. Kowanne harsashi ɗaya, a ka. Ta haƙa rami da taimakon Lonnie, wanda ya zo da shebur a rana ta ƙarshe ba tare da an kira shi ba, yana aiki da hannu guda yana zagin ƙasar.

An yanke wa Amado shekara tara. Kamfanin Redmesa ya mayar da Brandi wani gari, majalisa ta soke kwangilar, bayan wata biyu ta ba wani kamfanin. Waɗanda suka daki Nestor, biyu ne kawai suka ga alƙali.

Ranar da aka yanke hukuncin Royce ya same ta a matakalar kotu tana hutar da ƙafa.

"Sabon kamfanin na neman wanda ya san gari," ya ce. "Sun tambaye ni lambarki."

"Kwana nawa suke ba kare?"

Royce ya sosa ƙeya. "Bakwai."

"Ba su lambar," ta ce. Ta miƙa masa hannu ya taimaka mata ta tashi. "Ka ce musu ni zan riƙa riƙe allurar, kuma duk ranar da zan yi, sai ɗan majalisa guda ya zo ya riƙe min ƙafar karen."